Na'urorin aro, rantsuwar tawa

Ya Kaltum, don Allah ki ba ni shawara kafin in aikata abin da zan yi nadama. Ni malama ce a sashen nazarin ƙwayoyin cuta na wata jami'a da ba zan ambaci sunanta ba. Shugaban sashenmu, bari in kira shi Farfesa Gambo, shi ya koyar da ni, shi ya tsaya mini har na samu aikin nan. Baba nake ce masa.

Da aka ce masu tantance kwasa-kwasai za su zo daga Abuja, sai ya ɗora mini tsara yadda za a inganta karatun ɗalibai, don baƙin za su tambaya. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi. Na tara ɗalibai a gindin darbejiya na ce su faɗa mini gaskiya. Ashe ɗan ajin ƙarshe bai taɓa ganin ƙwayar cuta da idonsa ba, sai zanen allo. Na tsara a riƙa shiga ɗakin gwaji kowane mako, manya kuma su riƙa jan ƙanana bita rukuni-rukuni.

Kwatsam sai ga na'urorin duba ƙwayoyin cuta, kowace da tambarin sashenmu a manne. Na tambayi Baba, ya ce namu ne, an sayo. Wani ɗalibi, Nuraddeen, ya ce ya ji irin kayan nan ƙafa gare su, suna bin baƙi su tafi. Na yi masa faɗa, na rantse da Allah a gaban aji cewa ba inda za su. Saboda rantsuwar nan wata yarinya, Siddiƙa, ta sauya binciken kammala digirinta, ta koma auna ruwan da 'yan garuwa ke sayarwa a Dala, unguwarsu.

Baƙi suka zo, yara suka yi ta yabo da zuciya ɗaya, baƙi suka tafi. Ba a rufa mako ba na tarar ana loda na'urorin a mota, wani yana ɓare tambarinmu, a ƙarƙashi ga sunan wani asibitin kuɗi da ke unguwar GRA. Har wani dattijo da aka ce sabon malaminmu ne, nake ta durƙusa masa, shi ma na aro ne.

Na je wurin Baba na tambaye shi dalili. Ko gezau bai yi ba. Ya ce kowa haka yake yi, kuma da gangan ya ɓoye mini, wai fuskata ba ta iya ƙarya, baƙi kuwa suna bukatar ganin wadda ta yarda da abin da take faɗa. Wannan maganar ta fi motar ƙona mini rai. Gaskiyata ya ara, kamar yadda ya ari na'urorin.

Yanzu idan na shiga aji ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ruwan Siddiƙa yana nan cikin kwalabe yana lalacewa, amma har yau tana gaishe ni da ladabi, abin da ya fi zagi ciwo. Maigidana ya ce in yi shiru. Ni kuma zuciyata na cewa ko in kai ƙara Abuja, ko in ajiye aikin. Wanne zan yi?

Taki, Mai Jin Kunyar Ɗalibanta, Umarari.

Ƙanwata, an ci amanarki, ba zan sassauta kalmar ba. Wanda kike kira Baba ya bar ki kika rantse a kan abin da ya san ƙarya ne. Wannan laifinsa ne, ba naki ba.

Amma dubi ɗaya ɓangaren. Da kwas ɗin ya faɗi tantancewa, takardun yaran nan ne za su shiga matsala, wataƙila wannan tsoron ne ya kai shi ga aro. Bai wanke shi ba, sai dai ya nuna miki cewa ƙarar da za ki kai cikin fushi, a kan Siddiƙa za ta fara faɗawa kafin ta kai ga Farfesa. Ajiye aiki kuma ya fi muni: na'urori sun tafi, ke ma ki bi su?

Ki fara da aji. Ki tsaya a inda kika rantse, ki ce musu abin da aka faɗa miki kika faɗa, kuma bai tabbata ba. Ki ce wa Nuraddeen ya fi ki gaskiya. Ba sai kin zagi kowa ba. Nauyin rantsuwar kuma, ki tambayi malami ya kwantar miki da hankali.

Sannan ki koma wurin Farfesa, ke kaɗai, da buƙata ba da kuka ba. Tunda yana da fuskar da asibitin ya ba shi aro don baƙi, yana da fuskar da zai roƙa wa ɗalibansa izinin zuwa can su yi gwaji a ranakun da aiki ya yi sauƙi, Siddiƙa a gaba, ko da sai ta sake ɗebo ruwa. Idan ya ƙi, ki kai maganar taron sashe, daga nan shugaban tsangaya. Abuja tana nan, ba ta gudu ba.

Rukunin bitar nan kuma kada ki bari ya mutu. Shi ba a asibiti aka aro shi ba, kuma motar ba ta tafi da shi ba. Ko za ki ci gaba da ce wa mutumin nan Baba, wannan ki bari sai kin ga abin da ya yi wa Siddiƙa.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya sa yarinyar nan ta ga abin da ke cikin ruwan unguwarsu da idonta.

Yayarki, Kaltum.