Ba Basir Ba Ne, Fure

Kontagora, Laraba, 14 ga Satumba, 1994

Yau na tashi da sauƙi kaɗan. Na sha koko rabin kofi, ya zauna.

Zuwa ga matata Fure, sanyin idona, inuwar tsamiyata, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gona! Wata bakwai ke nan kina Salka wajen jegon 'yarmu Ruka, jaririn har ya fara zama, ni kuwa gidan nan ya yi mini faɗi kamar filin Idi bayan an watse.

Jiya Mailafiya direba ya leƙo gaishe ni. Yana washe baki yake ba ni albishir wai kin ƙara cika, kin yi ɓul-ɓul, sai da mutum biyu suka kama ki kika tashi daga tabarma. Ni kuwa ban ga abin albishir a nan ba. Yana fita kuma ya ce kin ba shi saƙon ya sayo miki maganin basir, na mai shela a tasha, domin kina ganin jini.

Basir! Wallahi na tsani kalmar nan. Ba ita ta cinye ni ba? Shekara biyu ina ɗirkar jiƙo mai ɗaci a cikin tsohuwar kwalba, kowa na cewa basir ne, maiƙo ne ya yi yawa, alhali ciwon daji na cin hanjina. Kin ga abin da aka bar mini a asibitin Zariya: rami a gefen ciki, da jakar da ƙazantata ke zuba. Ni da nake duba farcen yara kowace safiya a makaranta, yau ƙuda ke raka ni masallaci, ina tsayawa a ƙarshen sahu don kada in cuci maƙwabci. Na san warin nan yana cikin abin da ya tsawaita jegonki. Ban ga laifinki ba. Ni ma da ina da wurin gudu da na gudu.

Kin tuna garin Kaboji, lokacin da nake ƙaramin malami? Kina ɗauke da tulu, siririya kamar karan dawa, awarwaronki na zamewa har gwiwar hannu. Na rantse miki sai na ciyar da ke har ya ƙi motsi. Na kuwa cika alkawari, da man shanu da tantaƙwashi da kitsen rago. Ranar da maƙeri ya yanke awarwaron nan daga hannunki na yi ta alfahari a majalisa, ina shafa tumbina. Tir da wannan alfahari! Wane irin masoyi ne ke kiwon abar ƙaunarsa kamar ragon layya?

Likitan da ya yi mini aiki ya ce ƙiba ba ita kaɗai ke kawo ciwon ba, amma tana share masa hanya. Ya ce da na je tun ganin jinin farko, da wataƙila ba a kai ga jaka ba.

Tauraruwata, ina roƙonki. In ya kawo miki kwalbar maganin nan, zubar da ita a kwata. Ki ture romon da suke tura miki, ki ci zogale da wake, ki rage tuwon. Ki riƙa takawa zuwa rafi da hantsi ko da kina haki. Bari matan Salka su ce kin rame, su ce mijinki ya kasa. Ni zan ɗauki wannan kunyar. Sama da komai ki zo mu je likita ya duba ki. Wataƙila basir ɗin ne, Allah Ya sa haka. To amma wa ya duba ya gani? Mai shela?

Ko kin dawo kamar tsinke, ke ce Furena, ba ni da wata har a ɗauke ni.

Mijinki,
Jinaidu

Ƙari: Mailafiya ya ce kin ce za ki biyo motarsa ta yau. Na wanke jikina sau biyu, na turara ɗakin, na zauna a zaure tun azahar. Motar ta iso bayan la'asar, na ƙirga masu sauka ɗaya bayan ɗaya. Ba ki zo ba. Na tambaye shi, ya ce ya riga ya kai miki maganin.