Ba Zan Shimfiɗa Tafina a Teburinsu Ba

Malam Kailu, don Allah ka raba ni da mutanen gidana, sun hana ni sakat. Ni manomi ne a Filinge, Bakurfaye gaba da baya. Wata huɗu ke nan da raƙumi ya kayar da ni a hanyar Abala, hannuna na dama ya karye ƙasa da gwiwa. Wana Isufu ya ɗora shi. Maɗori ne, gadon ubanmu ya ci, duk ƙasar Kurfai an san shi.

Matata Habsatu ta dame ni har na shiga mota zuwa Yamai, wai a ɗauki hoton ƙashi. Mai ɗaukar hoton ya zaunar da ni gefen tebur, ya ce in sauke kafaɗa, in lanƙwashe gwiwar hannu, babban yatsa na kallon sama. Duk na yi. Sai ya ce in miƙe hannun, in buɗe tafi sama. Ga lokotoro, wato likita Bature, tsaye yana kallo! Malam, wanga zama na mai bara ne. Ko lokacin aikin dole, da aka kwashe mu gyaran hanya, ban taɓa buɗe wa Nasara tafi ba. Na ɗauki hulata na fita.

Yanzu Habsatu ba ta yi mini magana. Damina ta kusa, hauya kuma ba ta riƙuwa sosai, amma wannan zai wuce. Kuma in hoton ya fito da wani abu, me za a ce da Isufu a kasuwa? Ba na komawa. Ka gaya musu ina da gaskiya.

Mai Hannu Ɗaya da Rabi, Filinge

Ɗan'uwa, sannu da jiki. Kishin kanka da kishin wanka Isufu abin yabo ne, amma ba zan gaya musu haka ba.

Na tambayi masu wannan aiki. Ƙasusuwa biyu ne tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. In tafi ya kife, ɗaya yakan hau kan ɗaya, hoto ya rikice. In ya dubi sama, sai su kwanta a jere. Shi ya sa ake ɗauka sau biyu, ta gefe da ta gaba. Ko Baturen ne ya karye, haka zai shimfiɗa nasa.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma ina zaton ba ƙi ka yi ba, kasawa ka yi. Hannun ba ya juyawa, ka ji kunyar a gani. In haka ne, ka faɗa wa mai hoton tun farko. Ba zai murɗe ka ba; zai karkata jikinka, ya tokare hannun, ya ɗauka yadda yake.

Ka tafi da Isufu. Maɗorin kirki zai so ya ga aikinsa da idonsa, kuma gara ya ji daga bakinka da ya ji a kasuwa. Ka koma kafin ruwan shuka.

Kafin nan, yau in ka sallame salla, ɗaga hannuwanka ka yi addu'a, ka dubi na daman. In ya buɗe wa Ubangiji, ka yafe mini. In ya kasa, ka nemi motar Yamai.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya kai ka gonarka da hannu biyu.

Malam Kailu