Safar da ke Ƙafar Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya yara, yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, bayan nan ne kawai yake ɗan yi mini ƙorafi, don sojojin da muke ɗagawa a asibitin nan ba ƙananan mutane ba ne.

Aikina a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata shi ne in riƙa juya su, in sa matashi ƙarƙashin ƙafa, in duba ƙugu da dunduniya kada gyambon kwanciya ya kama su. Jiya wani kofur ya ce mini, "Malam, harsashi ya bar ni, kai za ka ƙarasa ni da juyi?" Na yi dariya, na juya shi.

Wataƙila aikin ne ya sa mini zargi, na kuma yi ta ja da kaina kafin in rubuto. Duk sanda Auta ya kira ni ta bidiyo, Baba a rigingine yake. Ga safa a ƙafarsa cikin zafin nan, mutumin da ko takalmi sai an roƙe shi. Na ce ya nuna mini ƙafar, ya ce caji ya ƙare.

Don Allah ki je da kanki, ki cire safar, ki duba bayansa. In fatar ta yi duhu ko ta buɗe, a kira ma'aikacin jinya ran nan. Amma kada ki yi wa Auta faɗa. Shi kaɗai muka bar wa ɗaga Baba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki