Tsarabarka Ta Iso, Kai Ba Ka Iso Ba

Zuwa ga Yaya Habibu, a Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan Getso alhamdulillahi, gero ya yi kyau duk da taki ya gagari talaka bana.

Saƙonka ya iso. Direban da ka ba ya sauke kwalin a shagona na gyaran rediyo a Gwarzo, na ɗaure a keke na kai gida. Ina buɗewa na ga na'urar gem, irin ta wasan yara a talabijin, da kaset ɗaya. Shekara shida ba ka tako garin nan ba, Yaya, sai ka aiko mini da abin da 'ya'yan masu kuɗi suka gama yayinsa suka jefar. A zatonka har yanzu ni ne Sabi'un da kake janyowa da kunne daga gidan kallo. Gidajen kallon ma an rufe su tun da Shari'a ta zo, ni kuma har na ajiye iyali.

Duk da haka na haɗa ta da talabijin da batirin mota, don kada a ce na raina kyauta. Wallahi ban taɓa ganin wasan rainin hankali irin wannan ba. Wani ɗan guntun mutum ne, kansa ya fi jikinsa, wai shi zai ceci ƙasa daga dodo. Ka yi taku biyar, kwaɗo ya tare ka. Ka danna maɓalli ɗaya, ya mutu. Ka ƙara taku biyar, ga ƙanin kwaɗon nan. Babu dabara, babu fargaba, sai ciwon babban yatsa. Mutanen gari kowa maganarsa ɗaya tak, ko sau ɗari ka koma ita zai maimaita maka. Jarumin naka kuma ba tarbiyya: ya faɗa gidan mutane ba sallama, ya buɗe akwati ya kwashe, mai gida na tsaye yana kallo. A Kanon yau da tuni yana gaban alƙali. Kwana uku na gama shi, dodon ma bai kai kwaɗin ba ni wahala ba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ka manta a nan tsaraba ba ta zuwa ita kaɗai? Wanda ya daɗe a tafiya yakan turo kaya gaba, shi ya biyo baya. Ni da bakina na ce tsarabar Yaya ce, ban yi tunani ba, Inna kuwa ta ji. Tun ranar ta sa aka share ɗakinka, aka yi sabon daɓe. Zakaran da take kiwo ta hana kowa taɓawa sai ka zo. Kullum da la'asar sai an shimfiɗa mata tabarma kusa da zaure, ko ƙarar motar wa ta ji sai ta ce a leƙa.

Idonta ya yi rauni, ƙafa ta kumbura. Rannan ta zauna a bayana ina fama da gem ɗin, ta matso ta tambaye ni wace ce matar da ke tsaye a cikin ɗan ƙaramin gidan da ke cikin talabijin. Na ce uwar yaron da ke yaƙar kwaɗin ce, wurinta yake komawa ya kwana idan ya ji rauni. Sai ta ce, "To, shi dai yana leƙowa."

Ranar na ji haushinka kamar in fasa na'urar. Abin da ya fi ci mini rai, na san ba haka kake ba. Kai ne ka goya ni tun daga gona har gida ranar da kunama ta harbe ni, kana haki kana ba ni haƙuri kamar kai ka yi harbin. Wannan Yayan nake nema.

Mako uku ke nan ina ce mata mai ne ya yi tsada, hanya ce ba kyau. Ƙaryata ta ƙare. In za ka zo, ka zo kafin a yanke gero. In ba za ka zo ba, ka rubuto da hannunka, zan karanta mata yadda ka rubuta, ba zan sassauta ko harafi ɗaya ba.

Allah ya tsare ka, ya buɗa maka, ya juyo da zuciyarka gida tun Inna tana iya gane fuskarka. Amin.

Ni ne ƙaninka, da fushina da kewata,
Sabi'u.