Rasuwar Malama Hasiya Ungozoma da Takardar da Ta Wanke Ta

Cikin alhinin da har yanzu bai sake mu ba, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Mata Masu Ba da Jini don Bincike ta Boɗinga da Shagari, a ƙarƙashin shugabarmu Hajiya Atika Na'Allah, tana sanar da iyayenmu masu girma hakimai da dagatai, da malamai, da dukan jama'ar Lardin Sakkwato, cewa ta sami labarin rasuwar uwarta kuma wadda ta kafa ta, Malama Hasiya Ungozoma, matar Alaramma Malam Malami na Boɗinga. Allah ya karɓi abinsa ranar Talata, 9 ga Maris, 1965, bayan azahar, tana tsakar gida tana tsince albasa. Ta dafe ƙirji, numfashi ya gagara, kafin a sami mota rai ya yi halinsa. Likita ta ce gudan jini ne ya taso daga ƙafarta da ta daɗe tana kumbura, ya toshe mata huhu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara goma sha takwas marigayiya ta yi tana karɓar haihuwa daga Boɗinga har Sifawa, ba ta taɓa cewa nesa ko ruwa ya hana ta ba, alhali ita kanta ciki shida ta yi, duka sun zube. Bayan ɓari na shida, a shekarar 1962, aka kai ta asibiti a birni, aka auna jininta, aka rubuta a katinta wai tana da tunjere, ciwon da ake ɗauka ta hanyar kwanciya. Maganar ta riga ta isowa gida. Da aka auna jinin Malam Malami aka ga lafiyarsa lau, sai abin ya ƙara muni, domin mutane suka shiga tambayar inda ta samo cutar. Gidajen da ta yanke wa 'ya'yansu cibiya suka daina aiko mata. A gidan suna a kan ware mata ƙwarya ita kaɗai. Makarantar allon Malam, mai yara arba'in, ta koma yara tara. An ba Malam shawara ya rabu da ita ya tsira da makarantarsa, amsar da ya bayar kowa ya ji ta: "Ni na san wadda nika zamne da ita."

Ana cikin haka wata likita mai binciken cututtukan jini ta duba katin, ta ga an yi wa marigayiya allurai har sun ƙare amma awon bai canza ba. Ta bayyana mata cewa Allah ya sanya wa jinin ɗan Adam wasu dakaru masu yaƙar cuta, amma a jikin wasu mutane sukan juyo su yaƙi mai jikin. Ta ce tana zargin su ne ke daskarar da jini a jijiya, su ne ke zubar da ciki, kuma su ne ke ruɗa awon tunjere har ya nuna cutar da babu ita. Sai dai zargi ba hujja ba ne. Tana bukatar jinin marigayiya duk wata, da na wasu mata masu irin wannan lalura, sannan a aika ƙasar waje a yi wani awo dabam mai ɗaukar lokaci.

Da kumburarriyar ƙafa Malama Hasiya ta hau jaki ta bi Sifawa da Lambara da Shagari gida gida, tana neman matan da ɓari ya dama, a lokacin da ake yaɗa cewa jinin sayar da shi ake yi. An rufe mata ƙofa a wurare da yawa. A ƙarshe ta tara mata goma sha bakwai, waɗanda, saboda kwalaben da ake zuba jininsu a ciki, gari ya raɗa wa suna "matan kwalba". Ita ce take fara miƙa hannu duk ranar ɗibar jini. Ranar farko da Hajiya Atika ta ga allura ta runtse ido tana salati, marigayiya ta ce mata, "Haba Hajiya, mi kika tsoro? Abin da sauron Lambara ka sha jikinki ya hi wanga, kuma shi ko godiya bai yi." Ita ce kuma ta yi dabarar jera kwalaben cikin tukunyar ƙasa da jiƙaƙƙen yashi, ta rungume ta a cinya a bayan motar kasuwa har Sakkwato, don kada zafi ya ɓata su. Wata talatin da ɗaya ta yi tana haka, ko sau ɗaya ba ta fasa ba.

Ni da aka ɗora wa rubuta wannan saƙo, mahaifiyata Laraba tana cikin matan nan, kuma marigayiya ce ta sa ni rubuta sunaye a jikin kwalabe bayan na gama aji bakwai. Ban saba magana a gaban manya ba, ina neman gafara idan na yi kuskure. Amma ta bar mana wasiyya a taronmu na watan jiya, kuma Hajiya ta ce a rubuta ta yadda ta faɗe ta: "In takardar nan ta taho, ko ina da rai ko babu ni, ku karanta ta inda anka ɓata ni."

Takardar sakamakon awon ƙasar waje ta iso ranar Asabar, kwana huɗu bayan rasuwarta. Ga abin da ke ciki, da sa hannun likita: Malama Hasiya ba ta da tunjere, kuma ba ta taɓa yin ta ba. Awon farko kuskure ne, dakarun jininta ne suka ruɗa shi. Ciwonta ba a ɗaukarsa ta hannu, ko ta ƙwarya, ko ta zaman aure. Haka sakamakon ya fito ga wasu mata huɗu daga cikinmu da aka yi wa irin wannan rubutu a kati. Likita ba ta ɓoye mana ba cewa har yanzu ba a gano maganin ba, saboda haka Ƙungiya ta yanke shawarar ci gaba da ba da jini, kuma Hajiya Atika ce za ta ɗauki tukunya a watan gobe.

Ba mu faɗi wannan don tozarta kowa ba. Ranar jana'iza, da matan unguwa suka ja da baya, matan kwalba ne suka yi mata wanka da hannuwansu, kuma mun san tsoro ne ya sa wasu suka ja jiki. Yanzu dalilin tsoron ya kau. Marigayiya ta riga mu gidan gaskiya, amma mijinta yana nan.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Alaramma Malam Malami, da 'yan'uwan marigayiya na Sifawa, da duk yaron da ya faɗo duniya a hannunta. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon da ta sha da maganganun da ta haɗiye su zama kaffara, ya sada ta da 'ya'yanta shida da ba ta samu ta goya ba. Allah ya ba Malam haƙuri da dangana, ya saka masa da alheri a kan tsayawar da ya yi.

Daga ƙarshe, Malam ya ba mu izinin sanar da cewa makaranta za ta koma karatu ranar Asabar mai zuwa. Allunan yara talatin da ɗaya da aka janye suna nan jingine a zaure. Marigayiya ta hana a wanke su ko a bayar da su, duk Alhamis tana kakkaɓe musu ƙura, tana cewa masu su za su komo. Kowane allo yana nan da rubutunsa, a daidai ayar da mai shi ya tsaya.

Safinatu Mode
Magatakardar Ƙungiya
A madadin Shugaba, Hajiya Atika Na'Allah
Boɗinga, 15 ga Maris, 1965