Ɗingishin Motar Mu'az

Bolewa, Potiskum

Zuwa ga Yayana Muhammadu Lawan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aikin gareji. Tun da ƙarar injuna ta cinye maka kunne waya ba ta da amfani tsakaninmu, sai ka yi haƙuri da rubutuna irin na tafiyar kaza. Gana direban tirelar shanu zai miƙa maka.

Dogon ƙarfen da ka aiko wa autana Mu'az ya iso, da 'yan tarkacen da ke cikin leda. Maigandi bakanike na Dogo Tebo ya ɗaura su a motarsa Golf. Yaya, me muka yi maka? Motar da take shigowa layinmu sumul, yanzu in ta tsaya sai ta kama ɗingishi, gur-gur-gur, ta ɗauke kamar za ta mutu, ta sake kamawa. Kwanukan kabad ɗina har rawa suke yi. Tun daga kwanar masallaci nake sanin ya dawo, kafin ya yi sallama na zuba masa abinci.

Ya ce don fasinjan Damaturu ne, yana so ya yi sawu biyu kafin abokan lodinsa su yi ɗaya. Ni dai ban ga sawun ba. Ran Laraba a kasuwar shanu yake yini, shi da bai san karsana ba bai san maraƙi ba. Washegari kuma ya yi sammako da wasu abokai da ba sa shigowa su gaishe ni. Na so in yi magana, sai ya kawo mini atamfa, bakina ya mutu.

A gaida Yaya Ramlat da yara.

Ƙanwarka,
Hajaratu

Ƙofar Ruwa, Kano

Hajaratu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Rubutunki bai canza ba, sai da na nemo tabarau.

Motar ba ciwo take yi ba. Ƙarfen nan sunansa kamshaf. Yana da tozo-tozo a jikinsa, in yana juyawa su ke danna bawul, ƙofofin da inji ke shaƙar iska da mai. Wanda na aiko tozonsa ya fi tsayi, ƙofa takan buɗe sosai ta kuma daɗe a buɗe. Na leda sifirin ne masu tauri, su ke mayar da ƙofar da sauri. A kan titi, in aka taka, ba motar da za ta ga bayanta. A tsaye kuwa numfashinta ba ya daidaita, shi ne ɗingishin da kike ji. Ni ba na jin sa, amma in na ɗora tafin hannu a bonet zan gaya miki ko wace mota ce.

Ga abin da bai yi mini daɗi ba. Mu'az ya rubuto mini cewa wani alhaji ne ke son kayan don wasan mota a bikin ɗansa. Ke kuma ya ce miki fasinja. Ba mai hankalin da zai sa wannan ƙarfe a motar haya, mai take sha kamar rijiya, ga ta ba ta son tsaye-tsaye. Tun ina saurayi nake wannan sana'a, masu nemansa iri uku na sani: mai wasa, mai bin wani, da wanda ake bi.

Daga gwanjon waje na samo shi, guda ɗaya tak. Ba na jin akwai irinsa a duk Potiskum. Ki tambaye shi, a gaban mijinki Hammawa. Uba ne, kada ki ɓoye masa don atamfa.

Yayanki,
Muhammadu Lawan

Bolewa, Potiskum

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ban tambaye shi ba, kuma ban gaya wa maigidan ba. Ka yi mini faɗa daga baya, yanzu ka saurare ni.

'Yan fashi sun tare maƙwabcinmu Malam Sule dillali a hanyar Ngelzarma. Ya sayar da shanu a nan ran Laraba, washegari ya ɗauki abin da ya samu zai je sayen wasu shanun. Suka fito da shi daga mota, suka rufe masa fuska da rawaninsa, suka karya masa hannu. Allah ya yi da sauran kwana.

Da ya ji sauƙi ya shigo zaurenmu yi wa maigidan bangajiyar dubiya. Na kai musu fura, na tsaya bayan labule. Ya ce bai ga fuskar kowa ba, muryoyin ma sun shaƙe su. Abu ɗaya ya riƙe: yana kwance a ƙasa, akwai mota a bayan kalgo an bar ta a kunne, tana ɗingishi kamar jakin da ya taka ƙaya. Bai rufe baki ba kwanukana suka fara rawa. Mu'az ya shigo layi.

Malam Sule ya ajiye ludayin. Ya nemi takalmansa da ƙafa, ya ce ya tuna ya bar awaki a sake. Mutumin da ba ya barin fura ko da wuta ta kama rigarsa. Maigidan kuwa, ka san shi, in ba kukan saniya ba ne ba ya shiga kunnensa, har yana yi masa tsiya.

Yaya, tsoro nake ji. Mafarautan da 'yan kasuwa suka ɗauka sun fara tsayar da motoci suna cewa a tayar su ji. Waɗannan ba sa kai mutum kotu. Tsohon ƙarfen yana wurin Maigandi. Kai ka koya masa aiki, ba ya tsallake maganarka. Don Allah ka rubuta masa ya mayar da shi, motar ta yi shiru. Wataƙila aron ta aka yi. Wataƙila kunnen Malam Sule ne. Ɗana ne, ni na goya shi.

Ƙanwarka,
Hajaratu

Ƙofar Ruwa, Kano

Hajaratu,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na kasa cin abinci. Ni na zaɓo ƙarfen nan da hannuna, har ina murna ɗan ƙanwata ya fara sanin inji.

Ba zan rubuta wa Maigandi ba. Aikin wuni ɗaya ne, na sani, amma ki yi tunani. In aron motar aka yi, Mu'az ya faɗi wanda ya ara, magana ta ƙare, ba sai an taɓa inji ba. In kuwa shi ne, to wannan ɗingishin shi kaɗai ya rage tsakaninsa da mutane. Mai tafiya zai ji ta daga nesa ya juya. Shi ma muddin ya san ana gane ta, dole ya zauna a gida. Akuyar da ke ɓarna ba a cire mata ƙararrawa.

Kin manta wane ne kuma yake sayarwa ran Laraba ya bi daji washegari da kuɗi a lalita? Mijinki.

Kada ki ce wa yaron komai, kada ki ambaci Sule. Zan sallami motocin da ke hannuna in biyo Gana a sawunsa na gaba. Ni zan zaunar da shi. Kurma ne ni, amma ina ganin idon mai ƙarya. In ta kama mu kai shi ga hukuma da hannunmu, gara haka da a kawo miki shi a tabarma.

Allah ya rufa asiri.

Yayanki,
Muhammadu Lawan

Bolewa, Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardarka ta same ni, amma an riga mu. Ban ce masa komai ba, wallahi. Shi da kansa ya kai wa Maigandi motar, aka mayar da tsohon ƙarfen.

Jiya da la'asar ina tankaɗe, sai ganin inuwarsa na yi a kaina. Ban ji shigowarsa ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi jikin Malam Sule, ya ce ashe tsohon nan yana da kunne. Sannan ya tambaye ni wace kasuwa babansa zai je yau, kuma a wace mota.

Ban sani ba ko don ya kauce masa yake tambaya. Na dubi fuskarsa, ita ce dai wadda na sani. Na gaya masa gaskiya.

Sun fita da safe, uban ya riga, shi ya bi baya a motarsa. Ga shi an yi la'asar. Ina zaune ina kallon kwanuka, ko ɗaya bai motsa ba.

Ka taho, Yaya.

Ƙanwarka,
Hajaratu