Ta Auna Fayil Kamar Buhu, Ta Manta da Ni

Anti Barira, ki taimaka mini, farin ciki da ɓacin rai sun haɗu mini wuri guda.

Autata Raliya tana aiki da wata ƙungiyar koyar da mata a Gwaram. Ta rubuta manhajar da ke sauke darussan murya daga intanet da kanta, a zuba wa matan ƙauye a waya. Sabis ɗinmu kuwa kin san shi, yana ɗaukewa ana tsaka da saukewa, manhajar ta ce an gama. A ƙauyen Kwandiko, gaban mata sun fi hamsin, darasin haɗa ruwan gishiri da sukari ya yanke daidai wurin faɗin awo. Shugabarsu ta ba ta mako guda ta gyara ko ta bar aikin.

Ban lallashe ta ba, don ganganci ne. Ni iyakata sakandare, amma shekara ashirin ina sarin shinkafa, ban taɓa karɓar buhu don direba ya ce ya iso ba. Sai na ɗora a sikeli, sannan na caka ƙarfe na ga cikinsa, don nauyi kan cika da tsakuwa. Yaran yanzu komai na'ura ta faɗa sun yarda. Da na gaya mata haka dariya ta yi, sai kuma ta koma kan manhajar.

Kwana uku ta gyara. Yanzu manhajar tana gwada girman kowane fayil da wanda aka rubuta a can inda ya fito, sannan ta lissafa wata lamba daga abin da ke cikinsa ta gwada ita ma. In sun saɓa, ta jefar ta sake saukewa. Cikin ɗari biyu ta kamo goma sha bakwai lalatattu! A ƙauyukan Sara da Zandam ko ɗaya bai yanke ba. Alhamdulillahi, aikinta ya tsaya.

Amma da aka yabe ta a taron ƙungiyar, ina zaune a wurin, ba ta ambace ni ba. Kwana huɗu ke nan ba na sakar mata fuska. Wannan tarbiyya ce?

Uwa, Birnin Kudu

Hajiya, barka da arziki. Kin yi gaskiya, dabarar daga sikelinki ta fito, kuma ya kamata ta faɗa. Sai dai ita ta zauna kwana uku ta mayar da maganarki aiki, bayan ta sha kunya a bainar jama'a. A wasiƙarki na ga faɗa, na ga alfahari, ban ga inda kika ce mata ta yi ƙoƙari ba. Wataƙila ita ma abin da take jira ke nan.

Yau ki kira ta ɗaki, ki fara da yabon, sannan ki faɗi abin da ya sosa miki rai, sau ɗaya, ba tare da wa'azi ba. Kin auna rashin ambatonki da ta yi daga waje kawai, Hajiya, ba ki duba cikinsa ba tukuna. Allah Ya yi mata albarka, Ya bar ku tare.

Anti Barira